Manu Garba: Kocin da ya ɗauko kofin duniya, amma kullum sai an sa shi sabon lale

Duk ma'aikacin da ke fitowa daga Kuchigoro ko Lugbe da sassafe, ya biyo titin filin jirgin sama zuwa Sakatariyar Tarayya, sai ya gifta Babban Filin Wasa na Moshood Abiola da ke daf da ƙofar shiga birnin Abuja. Abin da ido ke kamawa daga cikin mota shi ne katafaren ginin nan mai ɗaukar 'yan kallo kimanin 60,000, wanda aka buɗe a 2003 domin Wasannin Afirka. A ɗaya sashen harabar kuwa, inda mai sauri ba ya lura, akwai ƙananan filaye, ciki har da wani mai ciyawar roba da aka shimfiɗa da tallafin FIFA. A nan ne Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta saba tantance yaran da za su shiga Golden Eaglets, tawagar 'yan ƙasa da shekara 17. Duk lokacin da aka yi shela, ɗaruruwan yara ne ke yo ɗango daga sassan ƙasar, kowa da takalmansa a leda, kowa na jiran a ba shi 'yan mintuna ya nuna abin da Allah Ya hore masa.

Cikin waɗanda suka tsaya a gefen irin wannan fili da usur a wuya suna zaɓe, da wuya a sami wanda ya kai Manu Garba daɗewa a aikin, ko yawan abin nunawa.

Mutumin Gombe ne, an haife shi a ranar ƙarshe ta shekarar 1965. Ya taka leda a El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa sau biyu a jere, a 1991 da 1992, kafin ya koma horarwa a gida tare da Gombe United. Ƙasa baki ɗaya ba ta san da shi sosai ba sai a 2007, lokacin da ya zama mataimakin Yemi Tella, malami a Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Tawagarsu ta ci kofin Afirka a Togo, ta wuce Koriya ta Kudu ta doke Sifaniya da bugun fenariti a wasan ƙarshe na gasar duniya ranar 9 ga Satumba. Tella na fama da ciwon daji na huhu a duk tsawon gasar, kuma ya rasu a watan Oktoba, makonni shida bayan ɗaga kofin. Wannan ce makarantar da Manu ya yi, a hannun mutumin da ya ɗauki horar da yara a matsayin koyarwa.

Shekaru biyu a Kalaba

Lokacin da aka damƙa masa ragamar tawagar, al'amura ba su yi daɗi ba. A 2009 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar, Suwizalan ta zo ta doke ta da ci 1-0 a wasan ƙarshe a wannan fili na Abuja, a gaban jama'arta. A 2011 ko cancantar zuwa ba ta samu ba. Ga kuma zargin maguɗin shekaru da ya riga ya ɓata sunan ƙwallon matasan ƙasar a idon duniya.

Abin da ya bambanta wannan karon shi ne lokaci. NFF ta zamanin Aminu Maigari ta haɗa shi da Emmanuel Amuneke, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1994, da Nduka Ugbade, kyaftin ɗin yaran da suka fara ɗauko wa Najeriya wannan kofi a ƙasar Sin a 1985, da Emeka Amadi mai horar da masu tsaron raga. Gwamnatin Kuros Riba ta Liyel Imoke ta ɗauki nauyin masauki, aka kafa sansani a Kalaba tun 2012. Watanni suka yi ta shuɗewa yaran na ci tare, suna kwana tare, suna atisaye safe da yamma, suna buga wasannin sada zumunci. Wanda ya gaza a sallame shi, a ɗauko wani. Kafin a je ko'ina, kowane yaro ya san inda ɗan'uwansa zai ruga tun bai ɗaga kai ya duba ba.

A wasannin share fage sun doke Nijar da Gini da Mali, gida da waje. A gasar Afirka da aka yi a Maroko a watan Afrilun 2013 sun lallasa Ghana da ci 6-1, suka zura wa Kongo 7 babu ko ɗaya, amma Kwaddibuwa ta zame musu ƙadangaren bakin tulu: ta doke su a rukuni, ta sake doke su a wasan ƙarshe da bugun fenariti. Sun dawo gida da lambar azurfa da tikitin gasar duniya, ba a kori kowa daga masu horarwa ba, aka koma sansani.

Abin da ya faru a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bayan wata shida ya cancanci a tsaya a kansa, domin ko a tarihin gasar ba a cika ganin irinsa ba. Wasan farko da Meziko ne, mai riƙe da kofin. Najeriya ta ci 6-1, Kelechi Iheanacho shi kaɗai ya zura huɗu. Wasa na biyu da Suwidin aka tashi kunnen doki, 3-3, kuma a nan ne Isaac Success, wanda ya fi kowa cin ƙwallaye a Maroko, ya ji raunin da ya raba shi da sauran gasar. A tawagar da aka harhaɗa cikin gaggawa, rasa irin wannan ɗan wasan gaba kan zama ƙarshen zance. Manu ya ɗauko Taiwo Awoniyi, yaron Ilorin da ke zaman benci, ya saka shi a gurbin, shi kuwa ya ci ƙwallaye huɗu kafin a tashi gasar, biyu daga ciki a ragar Yurugwai. Iraƙi ta sha 5-0, Iran 4-1, Yurugwai 2-0. Da aka sake haɗuwa da Suwidin a wasan kusa da na ƙarshe, an gyara kurakuran baya, aka tashi 3-0.

Ranar 8 ga Nuwamba, 2013, a filin Mohammed bin Zayed da ke Abu Dabi, Meziko ta sake zuwa gabansu. Ɗan bayanta ya ci gida tun minti na 9, Iheanacho ya ƙara bayan hutun rabin lokaci, sannan kyaftin Musa Muhammed, ɗan Kano, ya rufe taro da bugun tazara. Ƙwallaye 26 a wasa bakwai, biyar kacal suka shiga ragarsu, kuma babu ko ɗaya a wasanni ukun ƙarshe. Iheanacho ya karɓi kyautar gwarzon gasar, Dele Alampasu ta gwarzon mai tsaron raga, tawagar kuma ta samu kyautar ɗa'a. Kofi na huɗu ke nan ga Najeriya, bayan na 1985 da 1993 da 2007.

Masu bibiyar ƙwallo sun fi tuna salon wasan fiye da alƙaluman: gajeren fasin a ƙasa, 'yan bayan gefe na hawa su taya kai hari, idan ƙwallo ta kuɓuce kowa ya rufar wa wanda ya ƙwace ta. Ba salon da ake koyarwa a mako uku ba ne.

Daga nan aka ɗaga shi zuwa Flying Eagles ta 'yan ƙasa da 20, tare da da yawa daga cikin yaransa. A watan Maris na 2015 suka doke Senegal mai masaukin baƙi da ci 1-0 a Dakar, suka ɗauki kofin Afirka. A gasar duniya a Niuzilan kuwa Jamus ta fitar da su a zagayen 'yan 16, kuma ya sha suka kan yadda ya ajiye Iheanacho a benci. Sukar tana da makama, kocin ba ma'asumi ba ne. A ƙarshen wannan shekara Amuneke, mataimakinsa na jiya, ya je ƙasar Cile da su Victor Osimhen da Samuel Chukwueze ya ƙaro kofi na biyar. Idan ana lissafin abin da sansanin Kalaba ya haifar, har da wannan ya kamata a sa.

Abin da na'ura ke gani a wuyan hannu

Babu yadda za a yi bayanin aikin Manu Garba a tsallake gwajin MRI, domin shi ne alƙalin da ke yanke hukunci kafin koci ya ce uffan. FIFA ta fara amfani da shi a gasar 2009. A ƙarshen ƙashin hannu, daidai wuyan hannu, akwai wani guringuntsi wanda ta nan ƙashin ke ƙara tsawo. Yayin da yaro ke girma yana rufewa a hankali har ya zama ƙashi zalla. Likitoci sun kasa wannan rufewa mataki shida, kuma duk wanda hotonsa ya nuna mataki na shida an ɗauka ya haura 17, ba zai buga ba.

Na'urar ba ta karanta ranar haihuwa. Girman jiki take aunawa, shi kuwa jiki kowa da nasa saurin. Akwai masana da ke jayayya cewa yaro na gaskiya zai iya rufe ƙashi da wuri, wanda ya girme shi kuma nasa ya makara. Wilfred Ndidi na cikin waɗanda gwajin ya hana buga gasar Maroko a 2013, alhali takardunsa sun nuna an haife shi a Disambar 1996, wato yana cikin ƙa'ida. Bai fasa zama ɗan ƙwallo ba: ya tafi Genk ta Beljiyam, ya koma Leicester City a 2017, inda shi da Iheanacho suka ɗauki kofin FA na Ingila a 2021.

Mummunan tasirin gwajin ya bayyana a watan Agustan 2016, lokacin da aka sake dawo da Manu kan Golden Eaglets. Ana saura kwanaki kaɗan a buga da Nijar a Abuja, sakamako ya fito: yara 26 sun faɗi, ciki har da mafi yawan waɗanda ya shirya farawa da su. Da ragowar aka ci 1-0 a gida, aka je Yamai aka sha kashi 3-1. Ƙasar da ke riƙe da kofin duniya sau biyu a jere ta faɗi tun a share fage. Nijar kuwa ta yi gaba abinta har gasar duniya a Indiya a 2017, karo na farko a tarihinta.

An ɗora wa kocin laifi, kamar yadda aka saba. Amma tambayar da ta dace ita ce me ya sa ba a yi gwajin tun ranar da yaran suka shiga sansani ba, kuma me ya sa ƙasa mai Hukumar Ƙidaya da ofisoshin rajistar haihuwa a ƙananan hukumomi take dogara da hoton ƙashi domin sanin shekarun 'ya'yanta. Har yau miliyoyin yara a Najeriya ba su da takardar haihuwa. Ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar dogon bayani a nan: ya san darajar takardar rantsuwar shekaru da ake karɓowa a kotu, ya kuma san yadda wasu fayiloli ke ƙara ƙuruciya idan shekara 60 ta ƙarato. Ciwon da ke cikin ofis shi ne a filin ƙwallo, sai dai a fili akwai na'ura.

Wani fili, wani tsari

Cikin ƙananan filayen da aka gina a harabar nan ta kusa da Kuchigoro domin wasannin 2003 har da na besbol, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da kulki wanda Amurkawa suka ɗauka nasu. A wancan karo Najeriya ta zo ta biyu a bayan Afirka ta Kudu. Wasan bai yi jijiya a ƙasar nan ba, amma yadda masu shi ke riƙe da masu horar da matasansu abin dubawa ne.

A Amurka, matashin ɗan besbol mai hazaƙa yakan bi ta makaranta ne, daga sakandare zuwa jami'a, kuma jami'o'in na da gasarsu ta ƙasa wadda ake kammalawa a birnin Omaha kowace shekara tun 1950. Wani koci mai suna Mike Martin ya riƙe tawagar Jami'ar Jihar Florida daga 1980 zuwa 2019, shekara 40 cur. Ya ci wasa 2,029, abin da babu wani kocin besbol na jami'a da ya kai. Ya kai tawagarsa Omaha sau 17, kuma ko sau ɗaya bai ɗauko kofin ba. Duk da haka jami'ar ba ta sallame shi ba, har sunansa ta sa wa filin wasanta, ya yi ritaya don kansa. Ma'aikacin jami'a ne mai albashi, yana riƙe yaro shekara uku ko huɗu, kuma ba ya tambayar shekarun kowa domin rajistar makaranta ta biyo ɗalibin tun daga firamare.

Ba duk abin da ke can ne zai yiwu a nan ba. Jami'o'insu na samun kuɗin talabijin da gudummawar tsofaffin ɗalibai, kuma 'yan wasansu sun girmi yaran Golden Eaglets. Amma kwatancin na nuna abu guda ƙarara. Martin bai taɓa cin babban kofi ba, aka ba shi shekara 40. Manu Garba ya ɗauki kofin duniya sau biyu, ɗaya a matsayin mataimaki, ɗaya a matsayin shugaba, ga kofin Afirka na 'yan ƙasa da 20, amma aikinsa bai wuce na kaka ba: a kira shi idan gasa ta matso, a sallame shi idan an faɗi, a sake nemo shi idan wanda ya gaje shi ya faɗi.

Ba wai Najeriya ba ta taɓa sanin hanyar makaranta ba. Gasar kofin shugabannin sakandare ta Legas da tawagogin ɗalibai na jihohi sun ciyar da ƙungiyar ƙasa shekaru da dama. Wasannin jami'o'i na NUGA sun faro tun 1966 a Ibadan. A Kano har yanzu ana buga kofin Ramat na yara domin tunawa da Janar Murtala Muhammed. Abin da ya ɓace shi ne igiyar da za ta ɗaure waɗannan da juna, ta yadda yaron da ya yi fice a firamare a Gombe ko Gusau zai kasance a rubuce, da shekarunsa da makarantarsa, shekara huɗu kafin ya tsaya a gaban kocin ƙasa. Gurbin da makarantu suka bari, makarantun ƙwallo masu zaman kansu ne suka cike shi. Wasunsu na aikin kirki, daga irinsu Iheanacho da Awoniyi da Musa Muhammed suka fito. Sai dai ribar mai makarantar ƙwallo tana cikin sayar da yaro zuwa Turai, kuma yaro mai 16 ya fi mai 19 tsada a kasuwa.

Ina yaran 2013?

Iheanacho ya tafi Manchester City, ya buga gasar kofin duniya ta manya a Rasha a 2018. Francis Uzoho, wanda mai jiran gado ne a Abu Dabi, shi ya tsare wa Super Eagles raga a wannan gasa. Awoniyi ya sa hannu da Liverpool a 2015, rashin takardar izinin aiki ya sa aka yi ta ba da shi aro shekara shida bai buga mata wasa ba, sai da ya yi suna a Union Berlin ta Jamus kafin Nottingham Forest ta saye shi a 2022. Success ya buga a Granada da Watford. Musa Muhammed ya zaga Turkiyya da ƙasashen Balkan. Wasu da dama, ciki har da waɗanda aka fi yi wa zaton ɗaukaka, sun ɓace a ƙananan ƙungiyoyin Turai ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. A ma'aunin ƙwallon matasa wannan girbi ne mai kyau, domin ko a Turai kaɗan ne daga 'yan 17 ke kaiwa babbar tawaga.

Batun lada kuwa tsohon labari ne. Yaran 1985 sun ɗauko kofinsu ne a watan Agusta, makonni biyu kafin a kifar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari. Sai a 2016, bayan ya dawo mulki a farar hula, aka ba kowannensu Naira miliyan 2. Hadiman da ke rubuta takardun alƙawari a ranar liyafa sun fi kowa sanin inda irin waɗannan takardu ke kwana.

Manu ya sake dawowa ya ci gasar yankin Afirka ta Yamma a Yamai a 2018, ya kai yaransa Birazil a 2019, inda Ibrahim Sa'id ya ci wa Najeriya ƙwallaye uku rigis a ragar Ekwado, kafin Holan ta fitar da su da ci 3-1 a zagayen 'yan 16. Wannan ne zuwan Najeriya na ƙarshe gasar. A 2023, a hannun Ugbade, Burkina Faso ta tare hanya a Aljeriya. A 2024 aka sake kiran Manu ana saura makonni kaɗan a fara gasar yanki a Akara, ya zo na uku, gurbi kuwa na ƙasashe biyu ne. A 2025 Ghana ta fitar da yaransa a wasan kusa da na ƙarshe a Kwaddibuwa. Wajibi ne a faɗi gaskiya: maƙwabta sun matso, Senegal da Mali da Maroko da Burkina Faso sun zuba jari a cibiyoyin renon yara na dindindin, kuma akwai masu ganin lokaci ya yi da za a ba sabon jini dama. Amma an gwada sabon hannu a tsakani, sakamakon bai canza ba.

Yanzu lissafin ma ya sauya. Daga 2025 FIFA ta mayar da gasar ta kowace shekara, ƙasashe 48, a Katar har zuwa 2029, Afirka na da gurbi goma. Uganda ta je ta farko, Najeriya mai kofi biyar tana gida. Gasar shekara-shekara na nufin kowace shekara ana buƙatar sabon rukunin yara, waɗanda aka riga aka san su tun suna 13 ko 14, domin babu sauran tazarar shekara biyu da za a fake da ita a tara jama'a a fili a zaɓa.

A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe Ma'aikatar Wasanni ya mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Naɗa koci da biyan albashinsa na hannun NFF ta Ibrahim Musa Gusau. Makarantu na ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi da gwamnatocin jihohi, rajistar haihuwa kuma na Hukumar Ƙidaya. Dukkan waɗannan hukumomi na tarayya hedikwatarsu na Abuja, tafiyar 'yan mintuna a mota daga filin ciyawar robar da yaran ke taruwa.